Tangarɗar wasan bidiyo da hikimar mai tatsuniya

Babu kamfanin ƙera wasannin bidiyo da zai so a ga kuskure a cikin aikinsa.

Sai dai tun daga ƙarshen shekarun 1970, kura-kuran na'ura ne suka haifar da wasu daga cikin labaran da 'yan wasa suka fi tunawa, abin da ya sa masana adabi suka shiga nazarin lamarin. Tambayoyin da suke yi kuwa ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa zama gaban mai tatsuniya a ƙasar Hausa.

Mece ce tangarɗa?

Wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Kano, inda matasa ke biyan kuɗi su buga ƙwallon PlayStation, ya san abin da ake nufi.

Ƙwallo ta ratsa hannun mai tsaron gida kamar iska. Ɗan wasa ya nutse cikin ƙasa har gwiwa, yana kuma ci gaba da gudu. A wasan faɗa ko na mota, mutum ya shige cikin bango ya maƙale.

Wannan ita ce tangarɗa, wato na'ura ta aikata abin da waɗanda suka tsara wasan ba su yi niyya ba. Ba laifin talabijin ba ne, ba kuma na janareta ba. Na'urar tana bin umarnin da aka rubuta mata ne sau da ƙafa, sai umarnin ya ci karo da wani yanayi da marubutansa ba su hango ba.

Turawa na kiran irin wannan kuskure da kalmar da ke nufin ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, amma ta ƙara yin suna bayan shekarar 1947, lokacin da injiniyoyi a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ciro ƙwaro na gaske, irin mai bin fitila, daga cikin wata katafariyar na'urar lissafi, suka manna shi a littafin aikinsu.

Yarjejeniyar dare

Domin gane yadda kuskuren na'ura ya shafi labari, ya kamata a fara duba yadda ake ba da labarin tun kafin zuwan na'ura.

Ƙaramar hukumar Makoda tana arewacin jihar Kano, a maƙwabtan Dambatta, hedkwatarta kuma tana garin Koguna. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane sama da dubu 220, akasarinsu manoma, a ƙauyukan da gonakinsu ke haɗe da juna kusan babu daji a tsakani. A irin waɗannan gidaje ne, bayan an ci tuwon dare, tsofaffin mata suka saba tara jikoki a tsakar gida a yi tatsuniya, ko da yake rediyo da fim da wayar hannu sun rage wa al'adar ƙarfi.

Mai tatsuniya ba ta farawa haka kawai. Sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa da "Ta zo mu ji ta".

Daga wannan lokaci an ƙulla yarjejeniya. Kura za ta yi magana, Gizo zai je fada ya gai da sarki, kuma babu yaron da zai ce ƙarya ne. Idan an gama sai ta rufe da ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta haka take sallamar kowa ya dawo duniyar yau da kullum.

Marubucin nan na Ingila, Samuel Taylor Coleridge, ya bayyana wannan hali a shekarar 1817 da cewa mai sauraro kan jingine shakkarsa da gangan na ɗan lokaci domin ya more labari.

Shi kuwa masanin tarihi ɗan ƙasar Holland, Johan Huizinga, ya rubuta a 1938 cewa kowane wasa yana da da'irarsa ta wuri da lokaci, inda dokokinsa kaɗai ke aiki. Hausawa sun shata irin wannan da'ira da kansu, tunda ana tsoratar da yara cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata.

To amma jingine shakka ba ya nufin an ba mai labari damar faɗin duk abin da ya ga dama.

Yaron da ya yarda kura na magana ba zai yarda a kashe ta a tsakiyar labari, sannan ta sake ɓullowa a ƙarshe ba tare da dalili ba. Tunda akwai wasa tsakanin jika da kaka, ba zai ji nauyin katse ta ba: "Iya, ba kin ce kurar ta mutu ba?"

Masanin falsafa na Girka, Aristotle, ya lura da haka sama da shekaru dubu biyu da suka wuce, a littafinsa kan waƙa da wasan kwaikwayo, wanda Abu Bishr Matta ya fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, Ibn Rushd kuma ya yi masa sharhi a ƙarni na 12. A ganinsa, abin da ba zai yiwu ba amma ya zauna daidai a cikin labari ya fi abin da zai yiwu amma bai gamsar ba.

Kurar da ke magana tana cikin dokar tatsuniya. Kurar da ta tashi daga mutuwa ba bayani ta karya dokar. Tangarɗar wasan bidiyo irin ta biyun ce.

Na'ura ba ta da baki

Bambancin shi ne tsohuwa tana da mafita. Nan take za ta ce ai wata kurar ce, 'yar uwar waccan, kuma labari ya ci gaba, wani lokacin ma ya fi daɗi.

Farfesa Sa'idu Babura Ahmad na Jami'ar Bayero ta Kano ya nuna, a littafin da ya wallafa a 1997 kan tatsuniyoyin Hausa, cewa tatsuniya tana da ginshiƙin da ba ya sauyawa, tana kuma da sassan da kowane mai ba da ita ke sarrafawa gwargwadon fahimtarsa. Wannan sarari ne ke ba mai tatsuniya damar ɗinke ɓaraka kafin ta yi faɗi.

Na'ura ba ta da wannan baiwa. Idan ta yi kuskure ba ta ma san ta yi ba.

Masanin wasanni ɗan ƙasar Denmark, Jesper Juul, ya bayyana a 2005 cewa wasan bidiyo rabinsa gaskiya ne, rabinsa ƙage. Dokokinsa na gaske ne, domin ko dai ka ci ko a cinye ka, amma duniyar da aka lulluɓe dokokin da ita ƙirƙira ce. Abin da tangarɗa ke yi shi ne ta yaye lulluɓin, ɗan wasa ya ga cewa jarumin da yake tausaya wa lambobi ne kawai.

Kamfanoni sun ɗanɗana kuɗarsu kan haka. A watan Nuwamban 2014 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da Assassin's Creed Unity, wasan da aka gina kan juyin juya halin Faransa. A wasu kwamfutoci fuskokin mutanen ciki sun riƙa ɓacewa, sai idanu da haƙora kawai ke reto a iska, har a wuraren da aka so a sosa zuciyar mai kallo. Sai da kamfanin ya nemi afuwa, ya kuma ba da wani ƙarin ɓangare na wasan kyauta.

A watan Disamban 2020 kuma, kamfanin Sony ya cire wasan Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland daga shagonsa na intanet saboda yawan kura-kurai, ya yi tayin mayar wa mutane kuɗinsu. Wasan bai koma shagon ba sai watan Yunin 2021.

Wasu masu tsara wasanni sun nemi su ara wa na'ura bakin mai tatsuniya. A wasan Prince of Persia: The Sands of Time na shekarar 2003, an tsara komai a matsayin labarin da wani yarima ke bayarwa. Idan ɗan wasa ya yi kuskure jarumin ya mutu, sai a ji muryar yariman yana cewa a'a, ba haka abin ya faru ba, a koma baya. Dabarar tsohuwa ce tsaf, sai dai tana aiki ne kawai kan kuskuren da aka riga aka yi tanadinsa.

Kuskuren da ya zama alheri

Da a ce tangarɗa kashe labari kawai take yi, da masana ba su ɓata lokaci a kanta ba.

A 1978 injiniya Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito a Japan ya ƙera Space Invaders, inda ɗan wasa ke harbin mahara 55 masu saukowa daga sama. Na'urar wancan zamani ba ta da ƙarfi, saboda haka idan maharan sun cika allo sai su riƙa tafiya a hankali. Duk lokacin da aka kashe wasu, nauyin aiki ya ragu, sai sauran su ƙara sauri.

Nishikado ya ga haka ya bar shi. Sakamakon shi ne abin da kowane mai ba da labari ke nema, wato tashin hankali ya riƙa ƙaruwa yayin da ake tunkarar ƙarshe.

Labarin Pac-Man, wanda kamfanin Namco ya fitar a 1980, ya fi wannan ban mamaki. An tsara wasan ne ba tare da ƙarshe ba, a yi ta cin ɗigo ana guje wa dodanni har mutum ya gaza. Amma gurbin da ke ƙidaya matakan wasan ba ya iya riƙe lambar da ta wuce 255. Da aka kai mataki na 256 sai lissafin ya koma sifiri, kamar yadda agogon kilomita na babur ke yi idan ya cika.

Nan na'urar ke rikicewa, ta cika rabin allon na dama da haruffa da lambobi barkatai, ɗigon da ake buƙata domin wucewa kuma ba su cika ba. Babu wanda ke ƙetare wurin.

Ta haka wasan da ba a rubuta masa ƙarshe ba ya sami ƙurunƙus, ya kuma sami iyakar maki, 3,333,360, wadda gwanaye suka shafe shekaru suna nema.

Hatta wasan Grand Theft Auto, wanda matasa da dama a Najeriya suka sani, yana da irin wannan tarihi. Kamar yadda wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin a birnin Dundee na Scotland suka bayyana, wani kuskure ne ya sa motocin 'yan sanda suka riƙa auka wa ɗan wasa kamar mahaukata. Masu gwaji suka ce wannan ya fi komai daɗi, sai aka bar shi a wasan da ya fito a 1997.

Mayaƙin da ba a halitta ba

Akwai kuma inda tangarɗar ba ta gyara komai a cikin wasan ba, amma ta sa jama'a suka ƙirƙiro labari da kansu.

Masanin adabi na Jamus, Wolfgang Iser, ya yi bayani a shekarun 1970 cewa kowane labari yana da giɓi, kuma mai karatu ne ke cike shi da tunaninsa. Janet Murray ta Amurka ta ƙara a 1997 da cewa Coleridge bai kai ƙarshen magana ba, domin mai sauraro ba jingine shakka kawai yake yi ba, da hannunsa yake gina yardar.

Misali mafi bayyana shi ne na wasan faɗa na Mortal Kombat, wanda kamfanin Midway na Chicago ya fitar a 1992. A wani shafin lissafi da aka tanada domin masu kula da na'urar, akwai wata kalma, ERMACS, wadda gajeren suna ne na ɓangaren umarnin da ke kama kura-kurai. An yi rashin sa'a, ko sa'a, kalmar ta faɗo a ƙarƙashin layin da ke ƙidaya fafatawa da Reptile, wani ɓoyayyen mayaƙi da yake akwai shi da gaske.

'Yan wasa suka haɗa biyu da biyu, suka ce lalle akwai wani ɓoyayyen mayaƙin mai suna Ermac. Wasu suka rantse sun gan shi sanye da jajayen kaya. A 1993 wata mujallar wasanni a Amurka ta buga hotonsa da wani mai karatu ya aiko, alhali kuwa haɗa shi aka yi.

Kamfanin ya musanta, amma jita-jitar ta ƙi mutuwa. A 1995 sai ya miƙa wuya, ya saka mayaƙi mai jajayen kaya mai suna Ermac a cikin Ultimate Mortal Kombat 3, aka kuma rubuta masa tarihi cewa shi tarin rayukan mayaƙan da suka mutu ne. Masu sauraro ne suka haifi wannan jarumi, marubuta suka bi bayansu.

Annoba a duniyar ƙage

A watan Satumban 2005 kamfanin Blizzard ya ƙara wani dodo mai suna Hakkar a wasan World of Warcraft, wanda miliyoyin mutane ke bugawa tare ta intanet. Dodon yana harba wa mutum wata cuta mai yaɗuwa, wadda aka tsara ba za ta fita daga kogonsa ba.

Amma an manta da dabbobin da 'yan wasa ke tafiya da su. Su ne suka kwaso cutar suka kai ta manyan biranen wasan, inda ta riƙa kashe masu ƙaramin ƙarfi nan take.

Abin da ya biyo baya babu marubucin da ya tsara shi. Wasu suka gudu daji, wasu masu ikon warkarwa suka ruga taimako, wasu suka tsaya bakin gari suna gargaɗi, wasu kuma suka riƙa yaɗa cutar da gangan. Ƙoƙarin killace masu ɗauke da ita bai yi nasara ba.

A 2007 masana biyu, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka rubuta a mujallar likitanci ta Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa cewa lamarin zai iya koya wa masu bincike yadda mutane ke aikatawa a lokacin annoba. An sake tuno maganar a 2020, lokacin cutar korona.

Jikokin Gizo

A tatsuniya, gwanin gano kafa a cikin doka shi ne Gizo. Ba shi da ƙarfin giwa ko na dorina, amma ya san babu mai ganin ɗan uwansa a cikinsu, sai ya ba kowanne bakin igiya guda, suka yi ta ja suna zaton da shi suke yi.

Wasan bidiyo ma yana da irinsa. Akwai 'yan wasan da sana'arsu ita ce farautar tangarɗa domin su gama wasa cikin ƙanƙanin lokaci, suna ratsa bango, suna tsallake sassan labarin baki ɗaya. Da irin waɗannan dabaru ake gama Super Mario Bros na 1985 cikin ƙasa da minti 5.

Tun 2010 suke gudanar da wani taro a Amurka mai suna Games Done Quick, wanda ya tara miliyoyin daloli ga ƙungiyoyin agaji, ciki har da ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a arewacin Najeriya. Masu kallonsu ba labarin da kamfani ya rubuta suke bi ba. Labarin mai wayon da ya fi ƙarfin doka suke kallo, kuma wannan tsohon labari ne.

Tangarɗar da ba ta taɓa faruwa ba

Sai dai wannan ɗabi'a ta cike giɓi tana da nata haɗarin, domin ba ta bambance giɓi na gaske da na zato.

Matashin da aka zura wa ƙwallo a minti na 90 a gidan gem yakan ce na'ura ce ta yi son kai. Ba shi kaɗai ba ne. A watan Nuwamban 2020 wasu mutum uku a jihar California suka kai kamfanin EA, mai wasan FIFA a wancan lokaci, ƙara kotu bisa zargin yana murɗa sakamakon wasa a ɓoye. Sun janye ƙarar a watan Maris na 2021 bayan kamfanin ya ba su bayanan fasaha da damar ganawa da injiniyoyinsa.

Mafi shahara a wannan babi shi ne labarin Gandhi. A wasan Civilization na 1991, ɗan wasa na jagorantar wata al'umma, yana gogayya da shugabannin tarihi, ciki har da Mahatma Gandhi na Indiya.

Labarin da ya bazu shi ne an ba Gandhi maki 1 a ma'aunin son yaƙi, kuma idan ƙasarsa ta rungumi dimokuraɗiyya sai a rage maki 2. Tunda gurbin ba ya sauka ƙasa da sifiri, sai lissafin ya juya ya koma 255, mai wa'azin zaman lafiya ya zama mai barazana da makamin nukiliya.

Bayanin ya yi daidai da abin da aka sani game da Pac-Man, yana kuma da daɗin faɗa. Jaridu da shafukan fasaha suka yi ta kwafar sa daga juna, ba tare da an bi isnadinsa ba. Da aka bi, sai aka tarar ya tuƙe ne a kan wani rubutu da wani ya saka a intanet a 2012, fiye da shekaru 20 bayan fitowar wasan. Kafin nan, a kashi na biyar na wasan da ya fito a 2010, masu tsarawa sun ba Gandhi son nukiliya da gangan a matsayin raha, abin da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi.

Mutumin da ya ƙirƙiro wasan, Sid Meier, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 2020 cewa babu wannan kuskure a wasan na 1991.

Bayanin da masu tsara wasan suka bayar shi ne duk shugaban da ya mallaki makamin a cikin wasan yana iya yin barazana da shi. 'Yan wasa sun manta da barazanar sauran, ta Gandhi ce ta zauna musu a rai.